Ranar da Rago Ya Juya Mana Dish

A gidanmu na unguwar Ɗan Iya, kafin a kalli talabijin sai an fara lallashin eriya. Wata aba ce mai kama da ƙashin kifi, Baba ya ɗaure ta a kan doguwar gora, ya kafa gorar a bayan ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Iska kaɗan in ta kaɗa, ko hankaka ya sauka a kai ya huta, sai hoto ya koma dishi-dishi, mai karanta labarai ya rabu gida biyu. Nan take Baba zai naɗe hannun riga ya zagaya baya ya kama gora, Inna kuma ta gyara zama a gaban akwatin.

"Ya yi?" in ji Baba daga bayan ɗaki, da muryarsa da har layi na gaba ake jin ta.

"Da saura, Malam."

Sai mu ji gora ta yi ƙara.

"Yanzu fa?"

"Ka wuce. Koma kaɗan."

Kullum sai ya wuce. Baba mutum ne mai gaggawa, kuma a wurinsa na gaji tawa. Hoto zai fito tangaran na ƙiftawar ido, kafin Inna ta buɗe baki har ya murɗa ya zarce. Ya dawo yana huci yana cewa ita ce ba ta faɗa da wuri ba, ita kuma ta ce ai ko mota ma ana taka mata birki. "Ka wuce, Malam" ta zama maganar gidanmu. In gishiri ya yi yawa a miya ita ake faɗa, in Baba ya yi wa wani faɗa fiye da laifinsa ita Inna ke faɗa a hankali, shi kenan ya sauko.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Har na yi aure na koma Fadaman Mada, in na yi sallama a zaure sai in ji ya ce, "A shimfiɗa wa Uwata tabarma," ko da kuwa faɗa ya kira ni zai yi mini.

Bayan ya ajiye aikin gwamnati, shi da Inna suka samu kujerar aikin Hajji, za su tafi tare. Ana cikin shiri ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah Ya taƙaita, ya tashi, yana takawa da sanda, hannun hagu yana aiki. Amma bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita a dagule, harshe yana yi masa nauyi. Likita ya ce maganin wannan ɗaya ne, ya riƙa magana, ya yi ta yi ko da ba ta fita daidai, in ba haka ba harshen zai saba da kwanciya. Da farko ya gwada. Wata rana abokansa na masallaci suka zo dubiya, ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, abin da ya fito ya sa kowa ya sunkuyar da kai, wani dattijo har da share hawaye. Tun daga ranar Baba ya rufe bakinsa ruf. Ya samu cokalin shayi da kofin silba, in yana son abu sai ya ƙwanƙwasa. Mutumin da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida yaran layi ke watsewa, shi ne ya koma kiran mutane da cokali. Na tsani ƙarar cokalin nan, har yau ba na son jin irinta.

Inna ta ce ta fasa tafiya. Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna jakarta, ya nuna ƙofa, ya haɗe rai, kuma ko ba magana mun san hukunci ya yanke. Ta tafi tare da ƙanenta, kawunmu. Ranar da za su shiga sansanin alhazai ta ja ni bayan ɗaki, daidai gindin tsohuwar gorar nan, ta riƙe hannuna.

"Abinci kowa zai iya ba shi," ta ce. "Ke dai ki sa shi ya yi magana. Ina tsoron in dawo in tarar ya manta yadda ake yi."

Na tattaro kayana na dawo gida da zama. Goggo, yayar Baba, ita ma ta zo daga ƙauye ta taya ni. Na yi lallashi, na yi wayo, na yi kamar ban gane abin da yake nunawa ba. A banza. In na tambaye shi shayi ko kunu, sai ya nuna da ido. In Inna ta bugo waya daga Madina na miƙa masa, sai ya kau da kai ya tura hannuna. Takan yi ta magana ita kaɗai, wayar tana hannuna kusa da kunnensa, yana sauraro idonsa a rufe. Ko "na'am" bai taɓa ce mata ba.

Abu ɗaya na lura yana motsa shi. In tashar gida ta nuno alhazai a ƙarshen labarai, sai ya matso har bakin kujera, ya ƙura ido, kafin ya gama duba fuskoki an wuce zuwa wani abin. Na gaya wa maigidana. Washegari sai ga shi daga wajen Kasuwar Muda Lawal da wani ƙaton dish a kan keke, da dikoda, da naɗin waya, da mai haɗawa. Ya ce da wannan ana kama tashar da ke nuna Makka dare da rana, ranar Arfa kuwa tun safe har faɗuwar rana.

Dish ɗin ya fi ƙarfin a ɗora shi a kan kwanon rufi, don haka a ƙasa aka kafa shi, a bayan ɗakin Inna, gefen gora. Goggo ta zagaya shi ta ce wannan faranti ai shanyar kuɓewa ya dace da ita. Ni kuwa na tsaya ina kallon aikin, don ban iya ganin ana abu ban sa ido ba. Mutumin ya fere bakin waya, sai ga wani jan ƙarfe siriri a tsakiya, da wasu siraran zarurruka kamar gashi kewaye da shi. Ya lanƙwashe gashin baya, ya ce in ɗaya ya taɓa na tsakiyar babu hoto. Ya ɗaura kan dish, ya ja wayar ta taga zuwa dikoda, daga dikoda zuwa bayan talabijin. Ya yi ta murɗa farantin yana duba wata 'yar na'ura a hannunsa, ya ɗaure notuna, sai ga Ka'aba a falon Baba, mutane suna zagaya ta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Baba ya sa hannun hagu ya rufe bakinsa. Mai haɗawar ya tattara kayansa ya ce, "Hajiya, kar kowa ya taɓa shi. Ko kaɗan ya motsa, ya tafi."

Ana gobe Arfa aka kawo ragon layya, wani ƙosasshe mai taurin kai, aka ɗaure shi a turke kusa da zaure. Da asuba aka yi ruwa. Goggo ta ji tausayin rago, ta duba gidan kaf ba ta ga rumfar da ta kai farantin nan ba, ga kuma ƙafar ƙarfe mai ƙwari. Ta ja shi ta ɗaure a can.

Hantsi na ɗagawa na gama gyara Baba, na zaunar da shi gaban talabijin da farar jallabiyarsa, har turare ya nuna in fesa masa. Na kunna. Ba Ka'aba, ba Arfa, sai shuɗin allo da ɗan rubutun Turancin nan da ke cewa babu sigina. Na zagaya baya. Rago yana tsaye a inuwa yana tuƙa, guntun baƙar waya na lilo a bakinsa, dish kuma ya juya yana kallon bangon maƙwabta.

Ina azumi, amma abin da na faɗa wa ragon nan ban san ko ya bar mini lada ba. Goggo ta fito tana tafa hannu tana salati. Na kira mai haɗawa, ya ce ya riga ya kama hanyar garinsu yin salla. Na kira maigidana, yana can bakin aiki wajen gari, ya ce sai yamma, kuma kafin yamma alhazai sun bar Arfa. Na leƙa falo. Baba bai ƙwanƙwasa cokali ba, bai dube ni ba, allon kawai yake kallo, kafaɗunsa sun sauka. Wannan zaman nasa ya fi mini ciwo a kan ko wane faɗa da ya taɓa yi mini.

Na ɗaure zane tamau, na ɗauko wuƙar yankan albasa da tsohuwar sifanar Baba. Na kashe dikoda, na yanke inda rago ya tauna, na fere bakin waya biyu kamar yadda na ga an yi. Na murɗe jan ƙarfe da jan ƙarfe, na naɗe da salatif, na haɗa gashi da gashi ta waje ina lallaɓawa kada ɗaya ya taɓa na tsakiya. Sai da na sake sau da yawa kafin na mayar da dikoda na kunna. Saura juyawa.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Goggo, igiyar rago a hannunta. "Ba Makka ake nema ba? Ki fuskantar da shi alƙibla mana."

Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. Wa zai nemi Makka ya kalli wani wajen? Goggo ta tsaya kamar za ta ta da salla, ta daidaita kafaɗunta, ta miƙa hannu gabas, ni kuma na sassauta noti na tura faranti har ya yi daidai da hannunta. Ta ce in ɗan ƙara hagu, don masallacin layinmu ma an taɓa cewa ya karkace. Na ruga falo. Shuɗin allo. Na dawo muka sake auna alƙibla, na sake rugawa. Muka yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga. Sai da na sake kiran maigidana, ya yi dariya har da tari, ya ce hoton ba daga Makka yake tahowa kai tsaye ba, daga tauraro yake saukowa, kuma tauraron yana can dama da alƙibla, wajen kudu. Ya ce in riƙa turawa a hankali ƙwarai, wani ya tsaya gaban talabijin ya gaya mini in ya kama. Na faɗa wa Goggo. Ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta taɓa jin an bar alƙibla an dace ba.

Wa zai tsaya gaban talabijin? Idon Goggo yana da yana, ko fuskata sai na matso take ganewa, ga rago da in an sake shi dish zai koma. Yaran maƙwabta duk an tafi da su kitso da ɗinki. Baba kaɗai ne. Na ce masa in hoto ya fito ya buga cokali. Ya gyaɗa kai. Ina komawa baya aka ɗauke wuta.

Na ja ƙaramin janareto na tayar, kuma wurin ajiyarsa yana nan kusa da dish. Ƙararsa ta cika bayan ɗakin. Na yi ta tura faranti ina kasa kunne, ban ji komai ba sai injin. Na zagaya na tarar da Baba yana ta bugun kofi kamar zai fasa shi, yana nuna allo da sanda, allon kuwa shuɗi. Wato ya fito ya koma. Na sake fita, na sake dawowa, haka dai. Ko da na jiyo cokalin, me zai gaya mini? Cokali bai san hagu ba, bai san dama ba. Rana tana ta yin sama, na san a can liman ya kusa hawa mumbari. Raina ya ɓaci, yunwa da zafi da tsoro suka haɗu mini. Na durƙusa gabansa na zare cokalin daga hannunsa.

"Baba, ba na jin wannan abin. Inna tana can tsaye a rana tana yi maka addu'a. In kana son ganin inda take, sai dai ka faɗa mini da baki."

Ya dube ni da idon da na sani tun ina yarinya, idon da ke sa mu nemi wurin ɓuya. Ban tsaya ba. Na fita da cokalin a hannuna. Ban taɓa yi wa mahaifina magana haka ba. Na soke cokalin a ƙugu, na kama gefen faranti da hannu biyu, na fara turawa dama. Ina turawa hawaye na zuba. Har rago ya daina jan igiya. Na tura, na ƙara turawa. Ba abin da ke tashi sai janareto. Na ce a raina shi kenan, na ɓata masa rai a banza, kuma na rasa abin da zan gaya wa Inna.

Sai na ji wani sauti ta taga, mai kauri, a dagule, kamar ana jan tebur a kan siminti. Na tsaya cak. Ya sake fitowa, wannan karon da ƙarfin da ya danne injin.

"Kin wuce."

Goggo ta saki igiya ta dafe ƙirji.

"Kin wuce, Uwata. Koma."

Kalmomin sun karkace, wasu haruffan sun maƙale a hanya, amma muryar ita ce, wadda ake ji har layi na gaba. Ina kuka ina dariya na jawo faranti baya. Na ɗaga murya na ce, "Ya yi?"

"Da saura."

Na ƙara kamar faɗin yatsa.

"Kaɗan. Tsaya. Tsaya nan."

Na rungume farantin da ƙirjina kada ya motsa, na laluba sifana na ɗaure notuna har tafin hannuna ya yi ja. Rago kuwa ya samu sake ya shige madafa ya tura kai cikin ƙullun waina, ba wanda ya kula shi.

Da na shiga falo, Arfa ta cika allo. Dutse ya yi fari fat da mutane, lema ko ta ina, hannuwa a sama. Baba ya matso bakin kujera, haɓarsa ta jiƙe da yawu saboda ƙoƙarin da ya yi. Na sa gefen mayafina na goge masa, bai ture ni ba. Goggo ta zauna dab da akwatin har hancinta na neman taɓa gilashi, duk macen da aka nuno da farin hijabi sai ta ce ga ta nan, har da wata Baturkiya. A karo na ban san nawa ba Baba ya ce, "Ba ita ba ce, Yaya." Goggo ta juyo za ta yi musu, sai ta tuna wanda ya yi maganar, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska.

Ba mu ga Inna ba. A cikin wannan taro wa zai ga wani? Amma mun wuni a wurin, ana addu'a muna amin, kuma amin ɗin Baba tana fita, wata a miƙe wata a karkace.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Inna ce, muryarta ta dushe, hayaniyar mutane a bayanta. Ta tambayi jikinsa, ta tambaya ko mun samu kallon. Na fara ba ta labarin rago, sai na ga hannun hagun Baba a miƙe. Na ɗauka ruwa yake so. Ya girgiza kai ya nuna wayar. Na sa masa a hannu, ya kai kunne da kansa, ya daɗe yana tattara bakinsa.

"Hajiya," ya ce.

Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ji wani sauti da na san kuka ne.

"'Yarki ce," in ji Baba, yana jan kowace kalma kamar guga daga rijiya. "Ta wuce. Ni na dawo da ita."

Na bar musu falon. A tsakar gida na ji wani abu yana soka ta a ƙugu, na laluba, ashe cokalin ne. Na wanke shi na jefa cikin kwandon cokula, kuma da aka sha ruwa da shi Goggo ta juya kunu.

Har yau maganar Baba ba ta koma yadda take ba, baƙo sai ya saurara da kyau kafin ya gane. Amma yana yi, har faɗa ya dawo yi, kuma ni ce na fi shan sa. Dish ɗin yana nan a bayan ɗaki, an zagaye shi da bulo saboda raguna, ɗaurin salatif ɗina ma ba a canza ba. In iskar damina ta kaɗa shi, ni ake kira daga Fadaman Mada. Sai in kama faranti, su biyu suna falo gaban akwati, Inna tana cewa da saura, Baba yana cewa na wuce.